Wane suna za mu raɗa wa "lure" na masu fatsa?

1/ Jama'a, a kawo ɗauki. Muna neman sunan Hausa ga abin da Turawa ke kira "lure". Abin da ya tado maganar shi ne masu fatsar kifin kod daga bakin gaɓa da hunturu, a Norway da arewa maso gabashin Ingila.

2/ Kod ba baƙonmu ba ne. Shi ne busasshen kifin nan mai taurin tsiya da ake kira stokfish ko panla a kasuwa. Daga Janairu zuwa Afrilu yake barin Tekun Barents ya gangaro tsibiran Lofoten na Norway don zuba ƙwai, a kama shi, a rataye a kan katakai, iska da sanyi su busar da shi ba gishiri. Najeriya na cikin manyan masu sayensa.

3/ To ga "lure" ɗin kansa. Ɗan ƙarfe ne mai sheƙi da ƙugiya a gindi, ko ɗan kifin roba mai laushi da kan dalma. Ba tana, ba nama, ba abin ci ko kaɗan. Mai fatsa zai tsaya a kan dutse cikin sanyi mai ratsa ƙashi, ya wurga shi nesa, ya jira ya nutse har ya taɓa ƙasa, domin kod a ƙasa yake kiwo, yana laluben ƙaguwa da ɗan gemun da ke haɓarsa. Sai ya ɗaga sanda, ya saki, ya naɗe zare kaɗan, ya sake ɗagawa. Abin yana tsalle yana faɗuwa, wutsiyar robar tana karkaɗawa, kod ya zaci ƙaramin kifi ne ya jikkata, ya kai cafka. In aka yi sake da ɗagawa, ƙugiya ta maƙale a dutse ko ciyawar teku, an yi asara ke nan.

4/ Abincin da ake soka wa ƙugiya muna da sunansa tuntuni: koto. Sai dai wannan ba ya ciyuwa.

5/ Wasu sun kawo "koton roba". Malam, na ƙarfen fa?

6/ Wani bawan Allah ya ce "jan kifi". Ranka ya daɗe, duk wanda ya gani a rubuce zai ɗauka launin kifin ake nufi. "Tarko" ma bai hau ba, don tarko ɗana shi ake yi a tafi gida. Masuntanmu suna da irin wannan: mamari, dogon zare mai ƙugiyoyi tsirara da ake shimfiɗawa a bar kifi ya sarƙe da kansa. Shi kuwa "lure", da zarar hannu ya tsaya ya zama tarkace a ƙasan ruwa.

7/ "Koton bogi" ya fi su kusa, kuma zai yi saurin shiga bakin matasa. Abin da ya rage masa, bogi yana sa a ji kamar jabun kaya ne aka cuci mai saye, alhali kifin ake cuta.

8/ Ni dai "koton gizo" na zaɓa. Bahaushe na cewa abu yana masa gizo idan ido ya nuna masa abin da babu, ga kuma Gizo na tatsuniya, uban 'yan wayo. Ruɗin ido da dabarar mai hannu duk sun shiga ciki.

9/ Wata Hajiya ta ce za a zaci na intanet ne, saboda yanar gizo. Hajiya, da bakan gizo muka tashi, kuma ba wanda ya taɓa nemansa a waya.

10/ Yana kuma juyuwa a magana: koton gizo na ƙarfe, koton gizo na roba, aikin kuma fatsar gizo. "Da fatsar gizo ya kamo kod ɗin nan." Masuntan Yawuri da Baga da ke nan, ku faɗa da bakinku mu ji ko ya zauna.