Inji ya buga: a gyara ko a rabu da ita?

Abban Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau kwana tara motata tana jibge a gareji, raina kuma a ɓace yake. Ƙirar 2008 ce, na saye ta a hannu shekara 4 da suka wuce, yanzu ta ci kilomita 240,000. Ina kan doguwar hanya sai allurar zafi ta haura, na tsaya na ƙara ruwa na ci gaba. Can sai jar fitilar nan mai kamar buta ta fara ƙiftawa, na ce bari in lallaɓa in kai inda akwai mutane. Ban yi minti 10 ba na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga cikin bonet, mota ta mutu. Janwe ce ta kawo ta. Bakanikena ya ce inji ya buga, kuma hanya uku ce: a buɗe a gyara, ko a ɗora wani injin na hannu, ko in sayar da ita a yadda take. Biyun farko kowanne ya haura rabin abin da motar za ta yi a kasuwa da lafiyarta. Ga shi bara na sa tayoyi huɗu sababbi, na sake shokozoba. Ni dai inda na tsaya: motar da injinta ya buga ta gama yawo, kuma duk bakaniken da ya ce maka a gyara, aljihunsa yake yi wa aiki. Wanda yake da ja ya fito.

Maman Yara: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ya tsare gaba. Alhamdu lillahi da kai ka tsira.

Oga Mai Sifana: Abban Biyu, Allah ya kiyaye. Amma kafin ka haɗa mu duka ka zage, wa ya ce maka ya buga? An buɗe? An sauke kwanon mai an duba? Kalmar nan ta buga an mayar da ita gishiri, kowace miya sai an zuba. Ka je ka ce ya sa sifana a kan notin fulin gaba ya murɗa. In inji yana juyawa da hannu, bai buga ba.

Kawu Direba: Oga, ka bar wannan magana. Shekara 31 na yi ina riƙe da sitiyari. Duk injin da ya yi ƙara irin wadda yaron nan ya faɗa sannan ya tsaya, bugawa ya yi. Haka muka taso muka ji ana faɗa, ba yau aka fara ba.

Oga Mai Sifana: Kawu, kai tuƙi ka yi, ni ciki nake shiga. Ba raini ba ne.

Kawu Direba: Kafin a haife ka na kwance inji a bakin hanya na ɗaure da hannuna.

Injiniya Ƙarami: Kawu, Allah ya ƙara girma, a yi mini izini. Ina ga abu uku ne muke kira da suna ɗaya. Na farko, gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa (bulok), ya ƙone saboda zafi: za ka ga farin hayaki a salansa, ruwa yana raguwa a lagireto, baƙin mai ya koma kalar ƙasa-ƙasa mai kumfa. Wannan a sama yake, ba a taɓa ƙasan inji. Na biyu, metal ya cinye, wato siraran faifan ƙarfen nan da ke tsakanin konrod (sandar da ke riƙe da fistin) da karanshaf (babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji). Baƙin mai ne yake raba ƙarfe da ƙarfe a wurin, in ya yanke sai su goge juna, shi ne ƙarar da ake ji. Na uku, fistin ya liƙe a silinda, ko konrod ya karye ya huda bulok. Na farko gyara ne, na biyu sai an auna, na uku kam an yi sallama da inji.

Kawu Direba: To a cikin ukun wanne ne bugawa?

Injiniya Ƙarami: Ni a wurina na biyu da na uku.

Oga Mai Sifana: Na uku kaɗai. Na biyu metal ne ya tafi. Ana kai karanshaf wurin masu injin wanke ƙarfe su rage shi da 0.25 na milimita, in ya ci sosai 0.50, a sa metal mai kaurin da ya dace da shi. Na yi wannan aikin ban san adadi ba. Yaya za ka kira abin da yake tashi ya ci gaba da aiki bugagge?

Kawu Direba: Sunan daga ƙarar ya samo asali! Ƙarfe yana bugun ƙarfe, shi ne bugawa. Ku tambayi kowane direba.

Alhaji Mai Motoci: Ku yi ta rarrabewa. Mai saye ba ya tambayar na ɗaya ne ko na uku. Da ya ji an taɓa buɗe inji zai ja da baya, ko ya yi maka tayin wulaƙanci. A kasuwa, duk injin da aka kwance ya buga. Abban Biyu, ka sayar da ita yanzu tun tana da fuska, ka cika kuɗi ka ɗauki wata. Ka same ni ta gefe mu yi magana.

Oga Mai Sifana: Ga shi nan. An ce mu ne masu yi wa aljihu aiki, to ku dubi wanda ya fara miƙo hannu.

Alhaji Mai Motoci: Oga, ka iya bakinka. Shawara na ba shi.

Oga Mai Sifana: Motocin da ake kawo mini an mayar da mitarsu baya, ta ci 300,000 tana nuna 120,000, daga sama suke faɗowa?

Alhaji Mai Motoci: Ban taɓa murɗa mita ba, Allah shi ne shaidata. Amma tamostat nawa ka cire wa mutane ka jefar?

Maman Yara: Ni ma an taɓa cire min, wai don kada mota ta yi zafi.

Kawu Direba: Kuma daidai aka yi miki, Hajiya. Wannan abin na ƙasashen sanyi ne.

Injiniya Ƙarami: Kawu, a nan kam ban bi ka ba. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Tamostat ne yake tsare ruwa har inji ya kai zafinsa, sannan ya buɗe. In aka cire, inji yana daɗewa a sanyaye, kwamfutar mota ta ci gaba da ƙara masa fetur, mai ya tafi a banza, ringin fistin su riƙa cinyewa. In mota tana zafi, a duba lagireto ko ya toshe, a duba fanka, famfon ruwa da murfin lagireto. In tamostat ɗin ne ya maƙale, sabo ake sawa.

Kawu Direba: Karatu daban, hanya daban, ɗana. Peugeot 504 da muka tuƙa, bulok ɗinta baƙin ƙarfe ne, silinda kuma hannun riga ce da ake zarewa a zura sabuwa. Ka kwance sau uku, ka ɗaure sau uku, tana nan. Na yanzu duk gorar ruwa ne, zafi ɗaya kan inji ya lanƙwashe.

Alhaji Mai Motoci: Shi ya sa nake cewa motar Japan. Ba ta ba ka wannan ciwon kan.

Oga Mai Sifana: Kowace ƙasa ta ƙera ta, in ka hana ta mai za ta tsaya. Na Japan na buɗe, na Jamus na buɗe, metal duk metal ne.

Kawu Direba: Tsohuwar Mercedes mai dizal fa? A kawo mini wadda ta kai ta juriya.

Abban Biyu: Jama'a, don Allah. Tambayata in gyara ko in sayar. Tun ɗazu ba wanda ya amsa.

Maman Yara: Abban Biyu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba don in ƙara maka ɓacin rai ba. Jar fitilar nan ba cewa take yi mai ya ɗan ragu ba, cewa take yi mai ba ya isa inda ya kamata da ƙarfinsa. Da ta kama ake kashe mota, ko a tsakiyar daji ne. Ni gasket ne ya taɓa ƙone min, na tsaya nan take, na jira ta huce, ban ma buɗe murfin lagireto da zafi ba. An sa sabon gasket, an daidaita kan injin, yau shekara 3 ina hawa. Minti 10 ɗin nan su suka jawo maka.

Abban Biyu: Hajiya, dare ne, ga iyali a mota. Ke da kin tsaya?

Maman Yara: Ban ga laifinka a kan iyali ba wallahi. Laifin da ka ɗora wa kanikawa ne na ga bai dace ba.

Kawu Direba: Wato ita tata ba ta buga ba kenan, tasa ta buga. Kun ga maganata ta fito.

Oga Mai Sifana: Ba ta fito ba, Kawu. Har yanzu ba a ce mana yana juyawa ko ba ya juyawa ba.

Abban Biyu: Na kira bakanikena yanzu. Ya ce yana juyawa da sifana amma da nauyi. Man da ya tsiyaye bai kai lita 2 ba, alhali lita 4 da wani abu take sha. Kuma ya ce akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli a cikin kwanon.

Oga Mai Sifana: Alhamdu lillahi! Yana juyawa. Bai buga ba.

Kawu Direba: Ƙarfe ya zama gari a cikin mai ka ce bai buga ba? Inna lillahi.

Alhaji Mai Motoci: Garin ƙarfen nan ya zagaya ko'ina. Ka gyara yau, wata shida ka dawo.

Oga Mai Sifana: In ɗan koyo ne ya yi aikin. Ana wanke bulok, a busa duk hanyoyin mai, a sake famfon mai da filta, a auna silinda, a ɗora ma'auni a kan injin a ga ko ya lanƙwashe. A ɗaure kowane noti da sifana mai awo kamar yadda littafin kamfani ya ce. Sannan a yi tafiya a hankali kilomita 1,000 na farko, a yi juyen baƙin mai. Wanda ya tsallake waɗannan shi yake ɓata mana suna.

Injiniya Ƙarami: Yaya Abban Biyu, bari in gwada amsa maka. Lissafin rabin kuɗin mota da ake yawan faɗa bai isa shi kaɗai ba. Abin da za ka auna shi ne: kuɗin gyara a gefe guda, a ɗaya gefen kuma abin da za ka cika a kan ɗan abin da za a ba ka a matacciyar mota kafin ka samu irinta mai tafiya. Wadda za ka saya ɗin ma ta hannu ce, ba ka san abin da ta ɓoye ba, taka kuwa ka san tayoyinta da ƙafafunta. Sai dai ka duba giyabos, ka leƙa ƙasa ka ga ko tsatsa ta ci shasi, ka duba wayoyi. In waɗannan suna da matsala, kada ka zuba kuɗi. In lafiyarsu lau, a sauke kwanon mai a auna karanshaf kafin a yanke komai. In injin hannu za ka ɗora, a gwada matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100, kuma a rubuta maka sharaɗin mayarwa. Mafi girma duka, a gano abin da ya sa ta yi zafi da inda mai ya bi ya tafi. In ba haka ba, sabon injin ma hanyar da na farko ya bi zai bi.

Kawu Direba: Duk wannan dogon bayanin bai ce ya buga ko bai buga ba.

Alhaji Mai Motoci: Injin hannu kuma sayen kifi a ruwa ne.

Oga Mai Sifana: Motar hannu fa, Alhaji? A tudu ake sayen nata kifin?

Alhaji Mai Motoci: Mota kana shiga ka tuƙa ka ji. Inji a ƙasa yake a ajiye, me za ka ji?

Maman Yara: Ku biyun nan tun rigimar batir ta watan jiya ba ku shirya ba, shi ne kuke hucewa a kan bawan Allah.

Oga Mai Sifana: Hajiya, ni ba ni da riƙo. A janye maganar aljihu kawai.

Abban Biyu: Ban ambaci sunanka ba, Oga.

Oga Mai Sifana: Ka ce duk bakanike. Ina ciki.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan taƙaita in rufe. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun tafi a kan cewa injin Abban Biyu bai buga ba tunda yana juyawa, kuma gyara shi ne hanya. Oga ya kawo hujja ta aiki, Injiniya ya ƙarfafa ta da ilimi, Hajiya ma shaida ce da motarta. Kawu muna girmama shekarunsa, kuma shi kansa ya nuna mana cewa a da kwancewa ake yi a ɗaure. Shawarar sayarwa mutum ɗaya ne ya kawo ta, kowa kuma ya san sana'arsa. Ni tawa shekara 17 ke nan tana hannuna, sau biyu ana buɗe injinta, ban taɓa nadama ba, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abban Biyu, gobe ka sa a sauke kwanon mai a auna karanshaf, ka turo mana hoto, kuma ka nemi afuwar Oga.

Injiniya Ƙarami: Ranka ya daɗe, ni ban ce a gyara kai tsaye ba, na ce sai an duba giyabos da shasi tukuna.

Alhaji Mai Motoci: Mutum uku ne mafi yawa? A ƙirga.

Kawu Direba: Kuma ni ban janye ba. Ya buga.

Shugaban Zaure: An rufe. Sai hoton ya zo.