Wai ana iya dawo ma tabki da ruwanshi in ya ja baya?

Ɗan Madarunfa:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na kai yara bakin tabkin Madarunfa, wurin da muke iyo muna yara yanzu laka ce ta bushe ta tsattsage awaki na yawo bisa, wallahi abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci. Na ji a rediyo ana zancen jawo ruwa daga Kwango a zuba ma tabkin Chadi, wai gaske ne? Kuma irin haka na iya yiwuwa nan wurinmu?

Malamin lakwal:
Wa alaikumus salam. Gaske ne, sunan shirin Transaqua, wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ya fito da shi shekaru da dama da suka wuce, a haƙa hanyar ruwa kusan kilomita 2,400 daga rassan kogin Kwango a zuba cikin kogin Shari, don Shari da Logon su ne ke kawo wajen kashi 90 na ruwan da ke shiga tabkin. A 1963 faɗinshi ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin 1973 da na 1984 suka tsotse shi. An yi babban taro a Abuja a 2018 kan zancen amma har yau ba a haƙa ba, kuɗin ba wasa ba ne kuma mutanen Kwango da yawa ba su yarda a taɓa musu ruwa ba. Aikin dawo da ruwa da na ga ya yi nasara shi ne na Kazakistan, tekun Aral da noman auduga ya shanye, a 2005 suka gama madatsar Kok-Aral suka tare ruwan kogin Sir Darya a ɓangaren arewa, ruwa ya ɗago, gishiri ya ragu, kihi ya dawo. Sai dai ɓangaren kudu bai samu komai ba.

Tsohon masunci:
Ɗana ka bar zancen Kwango tukun. Shekara talatin ina jefa koma, abin da na sani kihi ba yawan ruwa kawai yake so ba, lokaci yake so. In gulbi ya kawo cikin Agusta ruwa ya hau ciyawar fadama, nan karfasa da tarwaɗa ke zuba ƙwai, ƴaƴan su ɓuya cikin ciyawa su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. Ka kawo ruwan nan cikin bazara ka ga ko za ka samu abin miya. Sannan ga yashi, duk damina ƙoramu na kwaso shi daga gonakin da aka sare ma itace su jibge cikin tabki, kwano ne ya cika da ƙasa, ina ruwa zai zauna?

Ƴar Jiratawa:
Baba gaskiyarka. Ni zogale nike nomawa, kuma rijiyoyinmu na fadama gulbi ke shayar da su, shekarar da ya gudu sosai guga bai wahala, shekarar da ya yi ƙaranci sai ƙarin igiya da ƙarin kuɗin esans na motar ban ruwa. Gulbin Maraɗi ai daga Najeriya yake fitowa, can sunanshi Gada, kanshi aka yi barajin Jibiya. Kuma akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Najeriya kan rabon ruwan da muke tarayya, gulbinmu na ciki. Ni roƙona a zauna a tsaida lokacin sakin ruwa daga barajin, a sanar a rediyo kowa ya sani, manomin Jibiya ya sha mu ma mu sha, ai ƴan uwa ne, kakata ma can take.

Ɗan Madarunfa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, zancen yashin nan, in mu matasa muka haɗu, daga yashe tabkin za mu fara ko daga tare ƙoramu da duwatsu?

Tsohon masunci:
Ƙoramu ɗana, tun kan ruwan fari ya faɗi. In kun yashe ba ku tare ba damina guda ta maida muku da shi. Ku zo ranar Juma'a bayan la'asar in nuna muku bakin da ya fi kawo ƙasa.