Wa ya tuna yadda kullen korona ya yi wa Kano?

Ɗan Fagge: Salam 'yan uwa. Ni ina Legas lokacin, don Allah waɗanda suke Kano a 2020 yaya kuka yi da lokdawun ɗin nan?

Maman Ikram: Hmm ɗan uwa bari kawai. Tsakiyar Afrilu Ganduje ya kulle gari, sai ga azumi, ranar 27 ga wata kuma Buhari ya ƙara sati biyu. Maigidana a Kwari yake sai ya fita muke samun na cefane, wallahi akwai ranar da ruwa da gari kawai muka yi buɗa baki, yara suna kuka ni ma ina kuka.

Abu Safwan: Ni mace-macen ne ba na mantawa, dattawa suka dinga tafiya kullum sai mun je maƙabarta, asibitocin kuɗi da yawa sun rufe mai ciwon suga ko hawan jini ba inda za a kai shi. Kawuna haka ya rasu a gida.

Ɗan Fagge: Allah ya jiƙansa da rahama. To abinci fa a ina ake saya?

Maman Ikram: Amin. Daga baya aka sassauta Litinin da Alhamis, kowa ya fito lokaci guda, cinkoso ba a magana ga kaya sun yi tsada.