Jinyar 'yan Japan da China a Legas

Nas, Agege: Assalamu alaikum. Me ya kamata mu kiyaye in an kwantar mana da 'yan Japan ko China?

Likita, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gyaɗa kan ɗan Japan sau da yawa ladabi ne, ba amincewa ba. Ki sa ya maimaita miki yadda zai sha maganin. Suna da dauriya kuma, sai an tambayi zafin ciwo daga 0 zuwa 10.

Mai harhaɗa magani, Obalende: Rosuvastatin, maganin rage kitse a jini, da 5mg ake fara musu, domin ya fi taruwa a jininsu. A binciki maganin gargajiya ma, saiwar ginseng kan rage ƙarfin warfarin, maganin hana jini daskarewa.

Ungozoma, Mile 12: Mai jego 'yar China ruwan ɗumi take so, kamar tamu. Gado mai lamba 4 kuwa a kauce masa, suna camfa shi da mutuwa.