Me ya sa dutse babba da ƙarami suke isa ƙasa tare?

Ɗaliba daga Mabera, Sakkwato:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa ɗalibai. Ina aji uku na babbar sakandare, ina shirin jarrabawar WAEC, kuma akwai wata mas'ala a darasin fiziks wadda na haddace amsarta amma zuciyata ba ta gamsu ba. An koya mana cewa idan aka saki dutse babba da ƙarami daga tsayi ɗaya a lokaci ɗaya, tare za su taɓa ƙasa, domin gudun kowannensu yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. To amma a wani darasin an ce ƙasa tana janyo abu mai nauyi da ƙarfin da ya fi wanda take janyo marar nauyi da shi, kuma shi ya sa buhun gero ya fi kwanon gero wuyar ɗagawa. Idan har ƙarfin da ke jan babban dutse ya fi yawa, me zai hana shi riga ƙaramin isa ƙasa? Ina roƙon wanda ya fahimta ya warware mini, don ba na son shiga jarrabawa da haddar da ban san tushenta ba.

Malamin fiziks, Wamakko:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da wannan tambaya. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma abin da ya ɓace miki a tsakaninsu shi ne dokar motsi ta biyu, wadda Isaac Newton ya wallafa a shekarar 1687. Dokar ta ce aikin ƙarfi shi ne canza gudun abu, kuma yawan canjin ya dogara ne da abubuwa biyu: girman ƙarfin, da kuma mas na abin da ƙarfin ya hau kansa, wato yawan abin da jikinsa ya ƙunsa, wanda ake aunawa da kilogiram. Shi ne ake rubutawa F = ma, wato ƙarfi (F) daidai yake da mas (m) sau ƙaruwar gudu (a).

Ki lura da 'yan dako masu amalanke a kasuwa lokacin kakar albasa. Amalanken da babu kaya a ciki, yaro ma zai tura shi ya tashi da gudu nan take. Wanda aka lafta wa buhunan albasa kuwa, ko da tayoyinsa na juyawa lafiya lau kuma hanya a miƙe take, sai ƙato ya dage da ƙafa, ya sa ƙirji, kafin ya motsa, kuma idan ya ɗauki gudu tsayar da shi wani aikin ne, shi ya sa mai turawa yake ta kwarma ihu a ba shi hanya tun daga nesa. Abu mai mas da yawa yana da taurin kai wajen fara motsi, yana da taurin kai wajen tsayawa.

Yanzu mu sa lissafi. Dutse mai kilogiram 1, ƙasa tana jan sa da ƙarfin niyuton 9.8 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi). Dutse mai kilogiram 10, tana jan sa da niyuton 98, wato ninki goma, kamar dai yadda kika ce. Amma shi wannan babban, wahalar motsa shi ita ma ninki goma ce. Idan kika raba 98 da 10 za ki sami 9.8, idan kika raba 9.8 da 1 za ki sami 9.8. Ƙarin jan da babban dutse ya samu ya tafi gaba ɗaya wajen biyan ƙarin taurin kansa, babu rarar da za ta sa ya tsere wa ƙaramin.

Kada ki ga kamar ke kaɗai ce wannan abu ya ɗaure wa kai. Aristotle na ƙasar Girka ya koyar da cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa, kuma masana sun riƙe maganarsa kusan shekara 2,000, har Galileo na ƙasar Italiya ya rusa ta a littafinsa na shekarar 1638. Hujjarsa ita ce ta fi burge ni a duk wannan babi, domin ba ta buƙatar kayan awo. Ya ce a ɗauka gaskiya ne babban dutse ya fi sauri, sai a ɗaure shi da ƙaramin a sake su tare. Ƙaramin, tun da shi ne marar sauri, ya kamata ya ja babban baya, su ragu a gudu. Amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban shi kaɗai nauyi, saboda haka ya kamata su ƙaru a gudu. Magana ɗaya ta haifi amsa biyu masu karo da juna, ke nan tun asali ba daidai take ba.

Ɗalibin fiziks, Jami'ar Usmanu Danfodiyo:

Malam ya gama bayani, Allah ya ƙara ilimi. Abin da zan ƙara, ƙanwata, shi ne amsar wanda zai ce miki ai ga takarda ga dutse, kowa ya san dutse ne yake fara sauka. Wannan aikin iska ne. Duk abin da ke ratsa iska, iskar tana tura shi baya, kuma turin yana ƙaruwa da faɗin abin da kuma gudunsa. Ki gwada a gida. Ki ɗora fallen takarda a kan littafi mai kauri, wanda ya fi ta faɗi, ki sake su daga daidai ƙirjinki. Takardar za ta lafe a bayan littafin, su doki ƙasa tare, saboda littafin ya kare ta daga iskar. Nauyin takardar bai canza ba ko kaɗan.

An yi wannan gwaji a inda babu iska. A watan Agusta na 1971, ɗan sama jannatin Amurka David Scott, na tafiyar Apollo 15, ya tsaya a kan wata, guduma a hannu ɗaya, gashin tsuntsu a ɗayan, ya sake su a gaban kyamara, suka sauka tare. Sun dai sauka a hankali, domin janyowar wata kusan kashi ɗaya ce cikin shida na ta duniya, kimanin mita 1.6 a sakan cikin kowane sakan. Turin iskar nan kuma rahama ce gare mu, domin shi ne yake hana ɗigon ruwan sama wuce kimanin mita 9 a sakan duk da nisan da ya faɗo.

Tsohon malamin makaranta, Gwadabawa:

Ni shawarata ga ɗalibai ita ce su riƙa auna abu da hannunsu. Mu a ƙauye rijiya ce ɗakin gwajinmu. A sami tsohuwar rijiya da aka daina sha, a tsaya da kyau a bayan bakinta, tare da wani babba, a saki tsakuwa ba tare da an jefa ta ba, a kunna agogon waya har a ji ƙarar ruwa. Nisan faɗuwa shi ne rabin 9.8 sau lokaci sau lokaci. Idan sakan 2 aka samu, zurfin ya kai mita 19.6. A lura da kyau: a sakan na farko tsakuwar mita 4.9 kawai ta ci, a na biyu kuwa mita 14.7, ninki uku ke nan, domin gudun ƙaruwa yake yi. Daga nan a zura guga a auna igiya a kwatanta. Za a ga ɗan bambanci, mafi yawansa daga jinkirin yatsa wajen danna agogo, domin sauti yana tafiya kimanin mita 340 a sakan, jinkirinsa a wannan zurfin ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na sakan. A jarrabawa kuma a duba takardar tambaya, sau da yawa ana cewa a ɗauki 10 maimakon 9.8.

Ɗaliba daga Mabera, Sakkwato:

Na gode ƙwarai, malamai, yanzu na ga inda maganganun biyu suka haɗu. Saura ɗaya, Malam: 'yan sama jannatin da muke gani suna shawagi a cikin tasharsu, janyowar ƙasa ce ba ta kai can ba?

Malamin fiziks, Wamakko:

Ta kai, 'yata, kuma da ƙarfinta. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana sama da mu da kimanin kilomita 400 ne kawai, kuma janyowar ƙasa a can ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na wadda muke ji a Sakkwato. Abin da ke faruwa shi ne tashar faɗuwa take yi ba dare ba rana, sai dai tana gudu ta gefe da kusan kilomita 28,000 a awa, saboda haka yayin da take faɗowa, doron ƙasa, da yake duniya ƙwallo ce, yana lanƙwashewa a ƙarƙashinta, ta zagaye duniya cikin kimanin minti 90 ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Tashar mai ɗaruruwan tan da mutumin da ke cikinta da cokalin da ke hannunsa duk suna faɗuwa da ƙaruwar gudu iri ɗaya, bisa dalilin da muka lissafa a sama, don haka babu wanda yake danna wani, kuma ma'auni a ƙarƙashin ƙafarsa sifili zai nuna. Shi ma watan da ke sama haka yake faɗuwa yana zagaya duniya, a nisan kimanin kilomita 384,000. Ki gwada wannan lissafi ki kawo amsa: mutum mai kilogiram 60, niyuton nawa ne nauyinsa a Sakkwato, nawa ne a kan wata, kuma nawa ne mas ɗinsa a wuraren biyu?