Ƙaurace wa rigar Bangladesh: taimakon mai ɗinki ne ko cutar da ita?

Malama: Assalamu alaikum. Ga maganata, kuma ina nan a kanta: duk wanda ya san halin da ake ɗinka riga mai arha, ya kuma saye ta, yana da kamasho a zaluncin. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangladesh, mutum 1,134 suka rasu. Ana gobe abin zai faru an ga bango ya tsage. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma masu ɗinki aka ce su koma kan kekunansu. Tun daga lokacin nake duba wuyan riga, in na ga Bangladesh sai in ajiye.

Ɗan kasuwa: Wa alaikumus salam. Malama, niyyarki mai kyau ce, amma kada garin neman gira a rasa ido. Tufafi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa, kuma kimanin mutum miliyan 4 ke ci daga sana'ar, akasarinsu mata. In kowa ya ajiye yadda kika ajiye, mai kamfani ba zai kwana da yunwa ba. Odarsa zai kwasa ya kai Kambodiya ko Vietnam. Wadda kike tausayi ita za ta rasa na haya.

Ɗalibi: An taɓa gani ma. A 1992 Sanata Tom Harkin na Amurka ya kawo ƙudurin hana shigo da kayan da yara suka yi. Bai ko zama doka ba, tsoronsa kaɗai ya sa masana'antun Bangladesh suka sallami yara wajen 50,000. Rahoton UNICEF na 1997 ya nuna da yawansu ba makaranta suka nufa ba, sun ƙare a fasa dutse da gararamba a titi. An gudu ba a tsira ba.

Malama: To mu naɗe hannu ke nan? Wannan hujja ta "gara wannan aikin da babu" ita kowane azzalumi ke fakewa da ita. Ku gaya mini, me ya tanƙwara Nike? A 1996 mujallar Life ta buga hoton wani yaro ɗan Pakistan yana ɗinka ƙwallo mai tambarinsu, ɗalibai suka tayar da ƙura, a 1998 shugaban kamfanin Phil Knight ya fito ya ɗaga shekarun ɗaukar ma'aikata a masana'antun takalma zuwa 18. Imani ne ya zo masa rana tsaka? Kasuwarsa ya ji wa tsoro.

Tela: Ku ba mai keke dama. Ni ba a wuyan riga nake ganin matsalar ba, don sunan ƙasa kawai yake faɗa miki, Malama, ba ya faɗin ko ƙofar fita a buɗe take. Manyan kamfanonin nan yawanci ba su mallaki masana'antun ba. Oda suke bayarwa, su matse farashi, su yanke rana. Duk wanda ya taɓa karɓar ɗinkin da ya fi ƙarfinsa ya san abin da ke biyo baya: a hana barci, ko a miƙa wa wani a ɓoye, shi ma ya miƙa wa na ƙasa da shi. Takardar shaida ma ba abin dogaro ba ce. Masana'antar Ali Enterprises a Karachi ta kama da wuta a Satumba 2012, fiye da mutum 250 suka mutu, alhali makonni kaɗan kafin nan aka ba ta shaidar cika ƙa'ida.

Tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago: Tela ya taɓo inda gizo ke saƙa. Abin da ya yi aiki bayan Rana Plaza shi ne yarjejeniyar tsaron gini da gobara da aka ƙulla a Mayu 2013 tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago irin su IndustriALL da kamfanoni, waɗanda daga baya suka haura 200. Bambancinta da alƙawuran baya: wanda ya sa hannu ya saɓa, ana iya gurfanar da shi. Injiniyoyi masu zaman kansu suka duba masana'antu sama da 1,600. Kuma 'yan gwagwarmayar Bangladesh, irin su Kalpona Akter da ta fara aikin masana'anta tana shekara 12, sun sha roƙon kada a ƙaurace musu. Sai dai Alhaji ɗan kasuwa, kada ka yi murna da wuri. Ba don masu saye irin Malama sun yi ca a kansu ba, wa zai sa hannu?

Ɗan kasuwa: Na yarda, Baba. Amma yin ca daban, daina saye daban. Kai ma ka faɗa.

Malama: Na karɓi gyara a kan wuyan riga, sunan kamfani ya kamata in duba, in ga ko ya sa hannu. Amma yarjejeniyar nan gini ta gyara, ba ta taɓa aljihu ba. A 2023 ma'aikata sun nemi albashin taka (kuɗin Bangladesh) 23,000 a wata, aka tsayar musu 12,500, bayan zanga-zangar da aka rasa rayuka. Alhaji, tsakani da Allah, in aka ninka musu albashi rigar ta ɗan ƙara kuɗi, za ka sara ko za ka nemi mai arha a wani wuri?

Ɗan kasuwa: In abokan gogayyata duka aka tilasta musu, zan sara. In ni kaɗai ne, masu saye za su bar ni da kayana. Shi ya sa na fi ganin amfanin doka, irin wadda Faransa ta yi a 2017 da ta ɗora wa manyan kamfanoninta alhakin sa ido kan masu yi musu aiki a ƙasashen waje.

Ɗalibi: Malama, ni tambayata dabam ce. Wajen kashi 70 cikin 100 na ma'adinin kobalt da ake haɗa batir da shi daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, kuma akwai yara a wasu ramukan. Wayar da kike rubuto mana da ita fa, ina wuyanta da za a duba?