Ƙarin kuɗi bayan an sallama mota: doka ta yarda ko ba ta yarda ba?

Alhaji Sani, mai sayar da motoci: Salamu alaikum. Maganar da ke yawo a Maraɗi cewa duk kuɗin da aka ɗora a kan farashin mota ya saɓa doka, ba haka take ba. Sashi na 1593 na kundin Code civil, wato dokar mu'amala ta Nijar, ya ce kuɗin takardun ciniki mai saye ne ke biya. Kart griz, wato takardar rajistar mota, da lamba da asirans, duk nauyinsa ne.

Malama Hadiza, masaniyar shari'a: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ɗauki sashi ɗaya ka bar uku. Na 1583 ya ce da an daidaita kan kaya da farashi, ciniki ya faɗa. Na 1608 ya ɗora kuɗin miƙa kaya a kan mai sayarwa, sai in an yi wani sharaɗi. To wankin mota, cajin batir da kuɗin ajiya kafin ciniki, ina hujjar karɓarsu bayan ka ce "na sallama"? Na 1602 kuma ya ce duk maganar da ba ta fito fili ba, a kan mai sayarwa ake fassara ta.

Malam Isuhu, tiransite mai fito da kaya daga duwan: Inda aka fi cutar mutane duwan ne. Tambayar farko: an biya wa motar duwan, ko tana kan tiranzit zuwa Najeriya? Sai a daidaita a miliyan 4, mutum ya ba da kafin alƙalami, sannan a ce masa saura na duwan, alhali harajin TVA kaɗai kashi 19 cikin ɗari ne. A nemi rasit ɗin duwan na asali, a gwada lambar shasi, haruffa da lambobi 17, da wadda ke jikin motar. Harafi ɗaya ya saɓa, kart griz ba za ta fito ba.

Alhaji Sani: Wannan gaskiya ne. Amma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, mota ta Lome take biyowa, ta ratsa Burkina. Wa zai ɗauki kuɗin hanya? La'adar dillali kuma al'ada ce.

Malam Isuhu: Ka zuba shi cikin farashin tun farko, Alhaji. Mai saye ya ji, ya ce ya saya ko ya wuce.

Malama Hadiza: La'ada halal ce in an faɗi nawa ce da wanda zai biya kafin a sallama. Dokar kare masu saye ta 2015 ta ba mutum haƙƙin sanin abin da zai biya. A Amurka hukumar FTC mai kare masu saye ta fitar da ƙa'ida kan cinikin motoci a Disamba 2023: a faɗi cikakken farashi, in ban da kuɗin da gwamnati ta wajabta, kuma a daina sayar da ƙarin da ba shi da amfani, kamar canjin man inji ga motar lantarki.

Alhaji Sani: Ai kotu ta soke ta, Malama.

Malama Hadiza: Ta soke a Janairu 2025, don hukumar ta tsallake matakin sanarwar farko, ba don ta wanke ɓoye kuɗi ba. Mu kuma dokarmu na nan. Kafin a ba da ko dala, a rubuta takarda kwafi biyu: lambar shasi, farashi, an biya duwan ko a'a, la'ada, kuɗin kart griz, kowanne a layinsa, da makomar kafin alƙalami in ciniki ya ɓaci. Duk abin da aka ce na gwamnati ne, a kawo rasit mai hatimi. Wanda aka ƙara wa kuɗi daga baya ya kai takardar ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha ko kotu.

Alhaji Sani: Takarda na yarda. Amma kuɗin zirga-zirgar yaron da ke bin layin kart griz, sai mai mota ya biya.

Malam Isuhu: Ya biya, in yana cikin takardar, kuma a bar masa zaɓin ya je ya yi da kansa.